Malam Aggrey na Gwalkwas, Mai Sulhunta Baƙi da Fari

An haifi James Kwegyir Aggrey a shekara ta 1875 a Anomabo, wani gari na bakin teku a ƙasar Gwalkwas, wadda ake kira Gana tun 1957. Ubansa mai magana da yawun sarkin garin ne. Yaron ya yi karatu a makarantar mishan ta Methodist a Cape Coast, ya zama malami tun yana saurayi. A 1898 ya shiga jirgin ruwa zuwa Amurka domin ƙarin ilimi, ya sauka a makarantar Livingstone ta garin Salisbury, cikin jihar North Carolina.

Abin da ya tarar can ba mai daɗi ba ne. An 'yanta bayi tun 1865, amma doka ta raba baƙi da fari: makaranta dabam, wagon jirgin ƙasa dabam, har maƙabarta dabam. Ɗakunan sujada ma a rabe suke. A 1906 taron farare suka fasa kurkukun Salisbury, suka fitar da baƙaƙe 3 suka rataye su, ba a ko gama shari'a ba. A cikin wannan gari ne Aggrey ya koyar wajen shekara 20, yana kuma kiwon ƙananan ikilisiyoyi 2 na manoma matalauta. Ba wa'azi kaɗai ya yi musu ba, ya taimake su su haɗa kai, su sayi gonaki na kansu. Gama ya gane wanda aka wulakanta, sai ya tsaya da ƙafafunsa kafin ya iya duban maƙwabcinsa ido da ido.

Raini kam ya sha shi. Amma bai bar ɗaci ya yi saiwa a zuciyarsa ba, bai kuwa taɓa jin kunyar launin fatarsa ba. Yakan kawo misali da piyano, abin kiɗan nan mai kama da ogan na ɗakin sujada. A ganinsa ana iya fitar da waƙa da fararen maɓallai kaɗai, ana iyawa da baƙaƙen kaɗai, amma cikakken daɗi sai an haɗa su duka. Ku lura, 'yan'uwa, misalin bai ce baƙin maɓalli ya rine ya zama fari ba. Kowa da muryarsa, kowa kuma yana bukatar ɗan'uwansa.

A 1920 aka sa shi cikin ƙungiyar Phelps-Stokes mai binciken makarantun Afirka, shi kaɗai ne baƙar fata a cikinsu. Suka zaga Saliyo, Laberiya, Gwalkwas, Nijeriya da Kwango, har suka kai Afirka ta Kudu a 1921. Can ya iske wuta tana ci a ƙarƙashin toka, gama dokar 1913 ta riga ta hana baƙaƙe mallakar mafi yawan ƙasar kakanninsu. Ya yi ta jawabi gaban farare da baƙaƙe, ya ba da shawara a kafa majalisun haɗin gwiwa, inda shugabannin ɓangarorin biyu za su zauna ɗaki guda, a yi maganar albashi da gidaje da takardun izinin tafiya. Aka fara a Johannesburg, waɗansu garuruwa suka bi.

A 1924 ya koma gida domin kafa makarantar Achimota kusa da Akara, tare da Gwamna Guggisberg da Fasto Fraser, shugaban makarantar. Ya dage a karɓi 'yan mata tare da maza. Aka buɗe ta a Janairu 1927. Tambarinta kuwa maɓallan nan ne, baƙaƙe da farare. Bayan wata 6 ciwon sanƙarau ya kama shi a New York, ya rasu ran 30 ga Yuli, bai cika shekara 52 ba. Aka binne shi a Salisbury.

Waɗansu sun ce haƙurinsa ya yi yawa, kuma maganarsu tana da kama. Majalisun nan ba su hana mulkin wariyar 1948 ba. Sai a 1994 ya faɗi, bayan jini da kurkuku. A Amurka ma sai a 1964 doka ta rushe wariya. Duk da haka samarin da suka saurare shi, kamar Nkrumah da Azikiwe, sun tashi da sanin cewa baƙin mutum ba ya ƙasa da kowa.

Mu da muke zaune zango cikin kabilu iri iri, ga abin koyi. Ciwon da aka rufe ba ya warkewa, ramuwa kuma ƙara buɗe shi take yi. Aggrey ya faɗi gaskiyar zalunci a fili, sa'an nan ya shimfiɗa wa mai zaluncin tabarma su zauna. Allah ya ba mu irin wannan zuciya. Amin.