Malam Aminu Kano: Malamin makarantar da aka tura Maru saboda ya ƙi yin shiru

A farkon shekarar 1949 wani malamin makaranta mai shekara 28 ya tattara littattafansa daga Bauchi ya nufi Maru, garin da ke cikin lardin Sakkwato a wancan lokaci, yanzu kuma a Jihar Zamfara. A takarda dai canjin wurin aiki ne aka yi masa zuwa kwalejin horar da malamai. Amma waɗanda suka san abin da ya gudana a Bauchi cikin shekarun da suka gabata sun fahimci cewa an nesanta shi ne da jama'a domin bakinsa ya yi yawa.

Wannan malami shi ne Malam Aminu Kano. Yawancin mutane sun san shi a matsayin jagoran NEPU da PRP. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, kafin ya zama ɗan siyasa ma'aikaci ne mai karɓar albashi, wanda ya ga ɓarna a cikin hukumar da yake yi wa aiki, ya kwarmata ta, a zamanin da babu wata doka da za ta kare shi.

Duk malamin firamare a Ikara, ko akawun ƙaramar hukuma a Hunkuyi, ko ma'aikacin asibiti a Makarfi da ya taɓa ganin abin da bai dace ba a ofis, ya tsaya yana auna tsakanin gaskiya da abincin iyalinsa, zai gane halin da wannan malami ya shiga.

Ɗan gidan alƙalai

An haifi Aminu ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, a zuriyar Genawa da suka yi suna wajen malanta da alƙalanci. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne kuma mufti a kotun alƙali. Mahaifiyarsa Rakiya ma mai ilimi ce, kuma a gida ya fara karatun Alƙur'ani.

Tashi a irin wannan gida ya sa tun yana yaro ya san yadda shari'a take a littafi, ya kuma ga yadda ake gudanar da ita idan fada ta sa baki. Ya yi makarantar Shahuci da Midil ta Kano, sannan a 1937 ya shiga kwalejin da ta taso daga Katsina ta koma Kaduna, wadda a yau ake kira Barewa a Zariya. Ya kammala a 1942, aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi.

A can ya haɗu da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma malami ne a makarantar, da kuma Malam Sa'adu Zungur, masani kuma mawaƙi, wanda ya yi tasiri sosai a tunaninsa.

Diban gwamna da takarda marar suna

Zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ne. Bayan Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, Turawa suka rasa babbar hanyar samun kuza, sai suka juyo kan ma'adinan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa, har da lardin Zazzau, ana kai su haƙar kuza. Talakawa suka raɗa wa abin suna diban gwamna.

Hakimai da dagatai aka ɗora wa cika adadi. Mai hali ya kan fanshi kansa, marar gata kuwa a tasa ƙeyarsa, ya bar gonarsa da iyalinsa. Da yawa sun mutu a can saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci.

Ma'aikatan En'e da na gwamnati duk suna ganin wannan, amma ƙa'idar aiki ta hana su magana a jarida. Aminu ya riƙa rubuta takardu yana aikawa jaridun Legas, musamman West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe, wani lokaci ba tare da sa suna ba. A shekarun ne kuma ya rubuta ƙasidarsa da ta siffanta Kano a ƙarƙashin gudumar mulkin En'e.

Ɓoye suna bai yi masa amfani ba. Masu iya irin wannan Turanci a Bauchi ba su da yawa, don haka ba a sha wahalar gano inda rubutun ya fito ba. Wannan matsala tana nan har gobe. A ƙaramin ofis inda mutum uku kaɗai ke ganin takardar albashi, ko ba a sa suna ba an san wanda ya yi magana.

Majalisar Taɗi

Maimakon hukunci kai tsaye, babban jami'in mulki na Bauchi, A.J. Knott, ya goyi bayan kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi a 1943, inda ma'aikata da 'yan boko da manyan En'e za su riƙa zama suna muhawara. Aminu ne sakatare. Dabarar ita ce a jawo ƙorafi cikin ɗaki, kada ya riƙa fita jarida.

Ba a daɗe ba muhawarar ta wuce inda aka so ta tsaya. Aka shiga sukar tsarin mulkin Turawa ta hannun sarakuna, har maganar ta kai ga albashin sarakuna da yadda ake ƙayyade shi. Daga nan hukuma ta janye hannunta, majalisar ta mutu.

A 1946 aka ba shi gurbin karatu na shekara ɗaya a cibiyar nazarin koyarwa ta Jami'ar Landan. Ya dawo da ƙarin sanin yadda ma'aikata ke haɗa kai su kare junansu. A 1948 ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa, wadda ta yi taronta a Zariya. A shekarar ne kuma, lokacin da sabon Gwamna Sir John Macpherson ya zagayo Bauchi, shi da Sa'adu Zungur suka shirya taron gangami domin gwamna ya ji koken jama'a daga bakinsu, ba daga bakin fada kaɗai ba.

Bayan wannan ne takardar Maru ta fito. Marubuta tarihinsa, irin su Alan Feinstein, sun kuma ruwaito cewa an yi masa tayin muƙamai masu tsoka a wannan tsakani, ya ƙi karɓa. Hanyoyi biyun da ake bi da mai fallasa ke nan tun da can: a toshe masa baki da muƙami, ko a jefa shi inda muryarsa ba za ta kai ko'ina ba.

Ajiye aiki

Maru ba ta sa shi shiru ba. Daga can ya ci gaba da harkar ƙungiyar malamai, ya kuma shiga Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949.

Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa a Kano, cikinsu har da Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Mudi Sipikin da Magaji Dambatta, suka kafa NEPU. A watan ne kuma Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa a Majalisar Dokokin Arewa yana neman a yi wa tsarin En'e garambawul. Ashe ƙorafin ba na mutum ɗaya ba ne.

Aminu yana tare da NEPU a zuci, amma ma'aikacin gwamnati ba ya siyasa a fili. A watan Nuwamban 1950 ya ajiye aiki, ya bayyana dalilansa a jarida. Yana da shekara 30, kuma a lokacin da masu ilimin boko a Arewa ba su da yawa, hanyar manyan muƙamai a buɗe take gare shi. Babu kotun ma'aikata da zai kai ƙara kan canjin da aka yi masa, babu kuma diyyar da doka ta tanadar wa irinsa. A 1953 ya zama shugaban NEPU.

Kuɗin da talakawa suka biya

NEPU ta mayar da abin da malami ɗaya ya fara zuwa aikin dubban mutane. 'Yan jam'iyyar suka riƙa tona asirin ƙarin haraji da jangali ba bisa ƙa'ida ba, da noman gandun hakimai kyauta, da ƙwace gonaki, da cin hanci a kotuna.

Matsalar ita ce, wanda ake ƙara shi ne ke riƙe da kotun alƙali, da 'yan doka, da gidan yari. Sai mai ƙorafi ya koma wanda ake tuhuma, a kama shi da laifin zagin sarki ko taro ba izini, a yi masa bulala ko ɗauri. A ƙasar Zazzau, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama a kan wannan tafarki. Akwai kuma manoma da teloli da 'yan koli da yawa a ƙauyuka da suka rasa gona ko suka yi gudun hijira, waɗanda sunayensu ba su shiga littafi ba.

Lokaci ya zo da hukuma da kanta ta waiwayi wasu daga cikin waɗannan zarge-zarge. Binciken da D.J.M. Muffett ya yi kan kuɗaɗen En'e ta Kano ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963, ko da yake masana da dama na ganin akwai siyasa a cikin lamarin. Bayan juyin mulkin 1966 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi.

Malam Aminu ya ci zaɓen Majalisar Wakilai a 1959. A gwamnatin Janar Yakubu Gowon ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 1967, daga baya ta lafiya. A 1978 ya kafa PRP, wadda a 1979 ta ci gwamnan Kano da Abubakar Rimi da na Kaduna da Balarabe Musa. Gwamnatocin biyu sun soke haraji da jangali, abin da dattawan Ikara da Makarfi da Kudan ba su manta ba.

Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, a gidansa na Gwammaja, ba tare da ya tara dukiya ba. Gidan shi ne Mambayya a yau, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero.

Da a yau ne, me doka za ta yi masa?

A Disamban 2016 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin kwarmata bayanai a ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi. Wanda bayaninsa ya kai ga ƙwato dukiyar gwamnati na iya samun tukuicin kashi 2.5 zuwa kashi 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. A Afrilun 2017 hukumar EFCC ta gano sama da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi da ke Legas ta hanyar irin wannan tsegumi.

Sai dai shirin manufa ce ta gwamnati, ba doka ba ce da majalisa ta zartar aka sa mata hannu. An sha gabatar da ƙudurin dokar kare masu kwarmato, har Majalisar Dattawa ta amince da ɗaya a 2017, Majalisar Zartarwa ta Tarayya kuma ta amince da wani daftari a Disamban 2022, amma waɗannan matakai ba su haifar da doka ba a lokacinsu.

Akwai 'yar kariya a warwatse. Sashe na 27 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ya kare ma'aikacin gwamnati daga tuhuma idan ya fitar da bayanin da yake da dalilin gaskata cewa yana nuna zamba, almubazzaranci ko amfani da muƙami ba daidai ba. Dokar ICPC ta 2000 ta tanadi a ɓoye sunan mai ba da rahoto. Wanda aka kora daga aiki na iya zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ko ya kai kuka Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a.

A wasu ƙasashe an wuce nan. Ghana ta yi dokarta tun 2006. A Ingila dokar 1998 ta ba ma'aikacin da aka cutar saboda fallasa damar neman diyya a kotun ma'aikata. Amurka tana da doka tun 1863, wadda bayan gyaran 1986 ke ba mai fallasa kashi 15 zuwa 30 na abin da aka ƙwato, tare da mayar da shi bakin aiki da biyansa ninki biyu na albashin da ya rasa idan an kore shi.

Bambancin yana da muhimmanci ga ƙaramin ma'aikaci. Tukuici na amfanar wanda ya gano maƙudan kuɗi ne. Malamin da ya ga sunayen bogi a takardar albashi, ko ma'aikaciyar jinyar da ta ga ana karkatar da magani, ba tukuici ne damuwarsu ba. Abin da suke tsoro shi ne a riƙe musu albashi, a hana su ƙarin girma, ko a wayi gari an tura su wani lungu mai nisa da iyalinsu da sunan canjin wurin aiki, wanda a takarda ba hukunci ba ne, don haka da wuya a ƙalubalance shi.

Irin takardar da aka miƙa wa Malam Aminu ke nan a 1949. A yau sunansa yana kan filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa, kuma kusan kowane ɗan siyasar Arewa na son a danganta shi da shi. 'Yan majalisar da ke wakiltar Makarfi da Kudan, da Ikara da Kubau, suna da ƙuri'a a zauren da irin wannan doka za ta bi, kuma masu zaɓensu na da damar tambayarsu inda aka kwana.