Rachel Carson (1907–1964): Masaniyar da Ta Tona Illar DDT

An haifi Rachel Carson a garin Springdale na ƙasar Amurka a shekarar 1907. Ta yi digiri na biyu kan kimiyyar dabbobi a Jami'ar Johns Hopkins, sannan ta yi aiki a hukumar kula da kifaye da namun daji. A littafinta Silent Spring (1962) ta bayyana yadda maganin ƙwari na DDT ke taruwa a jikin halittu, daga tsutsa zuwa tsuntsun da ya cinye ta. Kamfanonin sinadarai suka yi mata ca, amma ta tsaya kan hujjojinta alhali tana fama da ciwon daji. Ta rasu a 1964. Shekara takwas bayan rasuwarta, Amurka ta haramta fesa DDT a gonaki.