Ladi Kwali, Gwanar Ginin Tukwane

An haifi Ladi Kwali a wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari, wanda yanzu yake cikin Babban Birnin Tarayya, Abuja. A wannan ƙasa ginin tukwane sana'ar mata ce. Tun tana yarinya ta koyi sana'ar a hannun wata daga cikin iyayenta mata. Da hannu take gina tuluna da randuna, sa'an nan ta yi musu zanen kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi.

Aikinta ya yi kyau har Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a gidansa. A can ne wani Bature magini, Michael Cardew, ya gan su. A 1952 ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a garin Abuja na da, wato Suleja ta yanzu. Ladi ta shiga a 1954, ita ce kuwa mace ta farko a wurin.

A makarantar ta koyi gini a kan faifai mai juyawa. Ta riƙa yin kofuna da kwanoni da farantai, tana ƙawata su da zanen Gwari. Amma ba ta bar ginin hannu ba. Sai dai yanzu akan shafa wa tulunanta wani ruwa mai ƙyalli, a gasa su da wuta mai tsananin zafi. Wannan ya sa suka yi nauyi, ba sa kuma sanyaya ruwa kamar randar gargajiya. Ta haka suka tashi daga kayan aikin gida, suka zama kayan fasaha da ake ajiyewa don kallo.

An nuna ayyukanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962. A 1972 ta zaga Amurka tana nuna yadda take gini. Ko da yake ba ta yi karatun boko ba, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Ladi Kwali ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. An sa wa makarantar Suleja sunanta, tun 2007 kuma hotonta yana bayan takardar naira 20, tana cikin ginin tukunya.