Dick Tiger: An Doke Shi Sau 19, Amma Sunansa Bai Faɗi Ba

In masoya dambe suka zauna gardamar wane ne gwani, lissafi ake fara kawowa: sau nawa ya ci, sau nawa aka ci shi, kambu nawa ya riƙe. To, da wannan ne kaɗai ma'auni, da marigayi Dick Tiger bai je ko'ina ba. Karawa 82 ya yi a damben boksin, ya ci 60, aka doke shi sau 19, ya yi canjaras sau 3. Duk da haka masana suna sa shi a sahun gaba cikin 'yan damben da Afirka ta taɓa fitarwa. Dalilin yana cikin tarihinsa.

Sunansa na yanka Richard Ihetu. An haife shi ran 14 ga Agusta 1929 a Amaigbo, cikin Jihar Imo ta yanzu. Ɗan talakawa ne. Tun yana saurayi ya tafi Aba neman abinci, yana tsintar kwalabe yana sayarwa. A nan ya koyi dambe, ya shiga na kuɗi a 1952.

A 1955 ya haye Ingila, ya sauka Libaful. Ga sanyi, ga baƙunta, ga aikin masana'anta da rana. Karawarsa huɗu na farko duk aka cinye shi da maki. Wani ne da sai ya tattara nasa ya nasa ya dawo gida. Shi ko ya daure. A 1957 ya lallasa Terry Downes a Landan, wanda daga baya ya zama zakaran duniya. A 1958 ya buge Pat McAteer a turmi na tara, ya karɓi kambun ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila na ajin matsakaita nauyi, wato waɗanda ba su wuce kilo 72 da rabi ba. A 1959 ya koma Niyok ta Amurka, inda manyan suke.

Ran 23 ga Oktoba 1962 ya kara da Gene Fullmer a San Francisco, suka yi turmi 15, alƙalai suka ba Tiger. Shi ne ɗan Nijeriya na biyu da ya ci kambun duniya, bayan Hogan Bassey a 1957. Sai dai gardama ba ta ƙare ba, don a lokacin wasu hukumomin dambe Paul Pender suke ɗauka zakara. Pender ya yi ritaya a 1963 ba tare da sun haɗu ba. Tiger da Fullmer suka sake gwadawa aka tashi canjaras. Karo na uku aka kawo shi gida, filin wasa na Liberty da ke Badun, ran 10 ga Agusta 1963, da tallafin gwamnati. Bayan turmi na bakwai mutanen Fullmer suka ce ya isa haka nan. Daga ranar bakin kowa ya mutu.

Wata huɗu kacal bayan haka, Joey Giardello ya ƙwace kambun da maki. Tiger ya nemi a sake, aka yi ta ja masa rai kusan shekara biyu. Bai zauna jira ba. A watan Mayun 1965 ya tari Rubin Carter, wanda ake tsoron hannunsa, ya kai shi ƙasa sau uku. A Oktoba ya karɓo kambunsa daga Giardello.

A Afrilun 1966 kuma Emile Griffith ya karɓe shi. Alƙalai sun ba Griffith, amma akasarin 'yan jaridar da ke bakin fage Tiger suka ba. Ka ga ke nan takardar alƙali daban, idon 'yan kallo daban. Maimakon ƙorafi, sai mutumin ya haura ajin da ke gaba, na masu kilo 79, inda kusan kowa ya fi shi tsawo da jiki. A Disambar shekarar ya doke José Torres ya zama zakaran duniya a aji na biyu. Da suka sake haɗuwa a 1967 ya kuma ci, magoya bayan Torres suka fusata suka yi ta jifa da kwalabe a zauren Madison Square Garden.

Ana cikin haka ƙasa ta rikice. Bayan kashe-kashen 1966 da ɓarkewar yaƙin basasa a 1967, Tiger ya bi ɓangaren Biyafara a fili, har aka ba shi muƙamin laftana. A 1969 ya mayar wa Ingila lambar girma ta MBE da ta ba shi a 1963, saboda goyon bayan da take ba Gwamnatin Tarayya. Dukiyar da ya tara a gida ta salwanta. Mutane sun sha bamban kan wannan matsayi nasa, amma ba mai musun cewa ya biya shi da tsada.

A Mayun 1968 ya yarda ya kara da Bob Foster, dogo mai mugun hannu da zakaru da yawa ke kauce wa. A turmi na huɗu Foster ya kwantar da shi da hagu ɗaya. Kambu ya tafi, amma damben bai ƙare ba. Karawarsa da Frankie DePaula a Oktoba ita mujallar The Ring ta zaɓa ta fi kowace kyau a 1968. A 1969, yana da shekara 39, ya doke Nino Benvenuti, mai riƙe da kambun matsakaita nauyi a lokacin. Ba a sa kambun a wasan ba, saboda haka Benvenuti ya tafi da abinsa, Tiger ya tafi da yabo.

Dambensa na ƙarshe a 1970 ne. Daga nan ya kama aikin gadi a wani gidan adana kayan tarihi a Niyok. A 1971 likitoci suka gano ciwon dajin hanta. Ya dawo gida, ya rasu a Aba ran 14 ga Disamba 1971, yana da shekara 42. A 1991 aka sa sunansa a zauren tunawa da gwanayen dambe na duniya.

Lokacin da Tiger ya fara dambe aji takwas ne aka sani a boksin. Yanzu sun kai 17, ga manyan hukumomi huɗu, WBA da WBC da IBF da WBO, kowace da nata zakaran. Ana lallaɓa yaro a zaɓo masa waɗanda zai iya, don kada a ɓata masa lissafi. Shi ya sa in an ce maka wane ba a taɓa doke shi ba, kada ka yi saurin tafi. Tambayi da wa da wa ya kara, wa ya guje wa, kuma da ya sha kaye me ya yi. Da wannan mudun masana suka auna Dick Tiger, suka same shi a cike.