Dakta Barau Dikko, Likitan Farko Ɗan Arewa

Duk wanda ya tsallaka gadar Kogin Kaduna daga Barnawa, Kakuri ko Sabon Tasha don duba mara lafiya a cikin gari, ya san Asibitin Barau Dikko. Amma da muka tambayi 'yan ajinmu ko wane ne mai wannan suna, sai kowa ya yi tsit.

An haifi Russel Aliyu Barau Dikko a Wusasa, kusa da Zariya, a shekarar 1912. Ya fara karatu a makarantar mishan ta Wusasa, ya wuce King's College a Legas, sannan ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila ya karanta likitanci. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likita.

Da ya dawo gida, ba a ɗora shi kan babbar kujera ba. A 1940 ya kama aikin gwamnati a matsayin ƙaramin likita, yana da shekara 28. Sai a 1953 ya zama babban likita. Wato ya yi shekara 13 yana jira yana aiki, daidai da shekarun yawancinmu a duniya. Daga baya ya zama babban sakatare a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa.

Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma shi aka zaɓa shugabanta a taron Kaduna na 1949. A 1951 ƙungiyar ta koma jam'iyyar siyasa, alhali doka ta hana ma'aikacin gwamnati shiga siyasa. Taura biyu ba ta taunuwa, don haka ya ajiye shugabancin ya riƙe aikinsa. A 1967 Yakubu Gowon ya naɗa shi kwamishinan ma'adinai da wutar lantarki na tarayya, a 1971 ya koma sufuri. Ya rasu a 1977.

Mun zaɓi tarihinsa ne saboda a ajinmu da yawa muna son zama likitoci, a gida ma har an fara kiran wasunmu Dakta. A zangon da ya wuce wata 'yar ajinmu ta ci 68 a kimiyya, ta yi ta kuka har ta ƙi cin abinci, wai likitanci ya kuɓuce mata. Alhali saura mana shekaru kafin jarrabawar JAMB, bayanta kuma akwai shekara 6 a jami'a.

Gaskiya ne gurbin likitanci kaɗan ne, masu nema kuma da yawa. Sai mu dage da lissafi da kimiyya da Turanci, mu kai wa malamai abin da ba mu gane ba. Wanda bai samu a karon farko ba zai iya sakewa, ko ya karanta jinya ko haɗa magunguna, duk aikin asibiti ne. Malamai da iyaye kuma muna roƙonku, idan mun kawo 68, ku fara nuna mana inda muka yi kuskure kafin faɗa.