Louis Adrian, mutumin da ya ƙirƙiro hular kwanon sojan Faransa

A wannan karo za mu kawo wa masu karatu tarihin Louis Auguste Adrian, wanda sunansa ya bi wata hular kwano da ya kamata 'yan kasuwarmu na New Bell a Duwala, musamman masu sayen tsofaffin ƙarafa, su santa.

An haife shi a garin Metz a 1859. Bayan Jamus ta ƙwace garin a 1871, iyayensa suka yi ƙaura don su zauna ƙarƙashin Faransa. Ya yi karatun injiniya, ya shiga soja, ya yi aiki a Madagaska, daga baya ya koma sashen da ke kula da abinci da tufafin mayaƙa.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sojan Faransa hular yadi yake sawa, ɓarɓashin bom kuwa na ta hallaka mutane ta ka. Ganin haka, a 1915 Adrian ya fito da hula ta ƙarfe mara nauyi, wadda ba ta kai kilo ɗaya ba. An ƙera miliyoyinta, ƙasashe irin su Beljiyam da Italiya da Rasha suka karɓe ta. Ya rasu a Paris a 1933.

Da yake Faransa ta mulki Duwala daga 1916 zuwa 1960, ba abin mamaki ba ne irin wannan hula ta faɗo hannun ɗayanmu. Ana gane ta da zankon ƙarfe a bisanta kamar na zakara, da tambari a goshi: gurneti na sojan ƙafa ne, anga ta jirgin ruwa ta rundunar mulkin mallaka ce, harufan DP kuma na ma'aikatan kare farar hula. Samfurin 1915 an harhaɗa bakinsa da ƙoƙonsa, na 1926 kuwa daga falle guda aka buga su.

Shawararmu ita ce, wanda ya same ta kada ya kankare fentinta ko ya sauya mata tambari, domin masu tara kayan tarihi asalin suke saye. Kada kuma a ɗora ta a kan sikeli tare da gwangwan kafin a nuna wa wanda ya sani.