Jacques Monod

Jacques Lucien Monod (9 ga Fabrairu, 1910 – 31 ga Mayu, 1976) masanin kimiyyar halittu ne ɗan ƙasar Faransa. Ya yi suna ne da bincikensa a kan yadda bakteriya ke girma da rabuwa, da yadda ƙwayoyin gado ke sarrafa samar da furotin. A shekarar 1965 ya samu lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci tare da François Jacob da André Lwoff.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Paris. Mahaifinsa mai zane ne, mahaifiyarsa kuma 'yar Amurka ce. Ya tashi a garin Cannes, ya yi karatu a Jami'ar Sorbonne. A 1936 ya je cibiyar Caltech ta Amurka, inda ya ƙaro ilimin gado. Ya kammala digirinsa na uku a 1941.

Bincike

Bakteriya na hayayyafa ne ta hanyar rabuwa gida biyu. Monod ya auna saurin wannan rabuwa, ya nuna cewa ta dogara da yawan abincin da ƙwayar ta samu. Har yau ana amfani da lissafin da ya fitar, wanda ke ɗauke da sunansa.

Ya kuma lura cewa idan aka haɗa wa bakteriyar E. coli sukari iri biyu, kamar gulukos da laktos, wato sukarin madara, sai ta fara cinye gulukos. Daga nan girmanta ya tsaya na ɗan lokaci, sannan ta koma kan laktos. A wannan tsaiko ne take ƙera furotin ɗin da za su narka laktos.

Neman dalilin hakan ya kai shi ga babban aikinsa a Cibiyar Pasteur, wadda ya shiga a 1945. A 1961 shi da Jacob suka bayyana tsarin da suka kira operon. Sun nuna cewa wani furotin ne ke zama a kan DNA ya toshe ƙwayoyin gadon narka laktos. Idan laktos ya samu, sai furotin ɗin ya saki wurin, aiki ya fara. Wannan ya tabbatar da cewa ana iya kunna ƙwayar gado, ana iya kashe ta.

Yaƙin Duniya na Biyu

Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa, Monod ya shiga ƙungiyar masu gwagwarmayar ɓoye, ya riƙe babban muƙami a cikinta. Rayuwarsa na cikin haɗari, haka ma ta matarsa Odette Bruhl, wadda Bayahudiya ce.

Ƙarshen rayuwa

A 1970 ya wallafa littafin falsafar kimiyya mai suna Le Hasard et la Nécessité. Ya zama shugaban Cibiyar Pasteur a 1971. Ya mutu a Cannes sakamakon cutar sankarar jini yana da shekara 66, kuma a can aka binne shi.